Darasi na Tara: Zaɓe Rana Ɗaya ko Rana Biyu?

Duk mai katin zaɓe a Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, kujeru biyar yake cikewa idan babban zaɓe ya zo. Akwai ta shugaban ƙasa, da ta sanatan Katsina ta Kudu, wadda aka fi sani da shiyyar Funtuwa, da ta ɗan Majalisar Wakilai guda ɗaya da ƙananan hukumomin nan uku suke tarayya a kansa. Waɗannan uku na tarayya ne. Sauran biyun na jiha ne: gwamna, da ɗan majalisar dokoki. A tsarin da hukumar zaɓe ta INEC ta bi a 2015 da 2019, an yi na tarayya a wata Asabar, aka dawo bayan mako biyu aka yi na jiha. A 2023 tazarar ta kai mako uku: an yi na farko ranar 25 ga Fabrairu, na biyun kuma aka ɗaga shi daga 11 zuwa 18 ga Maris, domin hukumar ta ce tana bukatar lokacin sake saita na'urar tantance masu zaɓe, wato BVAS.

Kusan duk bayan zaɓe sai an ji masu cewa a haɗe biyar ɗin a yini ɗaya kowa ya huta. A 2024 ma wasu 'yan Majalisar Wakilai sun kawo ƙudirin gyaran tsarin mulki da ya ƙunshi hakan, tare da wa'adin shekara shida sau ɗaya, majalisar ta yi watsi da shi a watan Nuwamba. Maganar ba ta mutu ba, za ta sake tasowa. A wannan darasi za mu duba abin da za a rage na kuɗi idan an haɗe, da abin da mai zaɓe zai samu ko ya rasa.

Ina kuɗin suke tafiya?

Domin zaɓen 2023, an amince wa INEC naira biliyan 305. Na 2019 ya ci kusan biliyan 189. Mutum miliyan 93 da 'yan kai ne suka yi rajista a 2023, amma waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su wuce miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin ɗari. Ku raba biliyan 305 da miliyan 93, za ku ga kowane mai rajista ya tashi a kan naira dubu uku da ɗari biyu da wani abu. Ku raba da miliyan 25 kuwa, ya haura dubu goma sha biyu. Wannan kuɗin hukumar zaɓe ne kaɗai. Ba a sa na 'yan sanda da sojoji ba, balle abin da jam'iyyu suka kashe.

Magidancin da ya aurar da 'ya'yansa mata biyu rana ɗaya ya san irin sauƙin da ake samu. Rumfa ɗaya zai haya, tukunya ɗaya za a ɗora, 'yan uwa na nesa sau ɗaya za su biya kuɗin mota. Amma gado da katifa da jere, kowace amarya da nata. Haka kuɗin zaɓe yake. Wani kashin yana bin rana, wani yana bin kujera.

Abin da yake bin rana shi ne alawus ɗin ma'aikatan wucin gadi, da hayar motoci da babura, da mai, da abincin jami'an tsaro. Jihar Katsina tana da rumfunan zaɓe 6,652 a mazaɓu 361. Kowace rumfa tana da ma'aikata huɗu, shugaban rumfa, wanda galibi mai yi wa ƙasa hidima ne, da mataimaka uku. Mutum 26,608 ke nan a jiha ɗaya, kafin a lissafa masu sa ido da masu tattara sakamako. Kowace ranar zaɓe sai an kwashe su an kai, an dawo da su, an sallame su. Idan an haɗe, wannan nauyi ya ragu sosai.

Abin da yake bin kujera kuwa bai san ranaku ba. Takardun ƙuri'a kala biyar ne ko yaushe aka yi. Takardun rubuta sakamako ma haka. Rajistar masu zaɓe, buga katuna, sayen na'urori, horar da ma'aikata, shari'o'in da ke biyo baya, duk suna nan daram. Wani abin ma ƙaruwa zai yi. Yanzu akwatuna uku ake kai wa rumfa ranar farko, a sake amfani da biyu daga ciki a rana ta biyu. Idan rana ɗaya ce sai an tanadi biyar a kowace rumfa, a rumfuna sama da 176,000 a faɗin ƙasa. Saboda haka duk wanda ya ce muku haɗe zaɓe zai rage kuɗi da rabi, ku tambaye shi yadda ya yi lissafinsa. Ƙasar Kenya tun 2013 take kaɗa ƙuri'a shida a yini ɗaya, amma zaɓenta yana cikin mafiya tsada a Afirka idan aka raba kuɗin da yawan masu zaɓe, kuma a 2017 sai da kotun ƙoli ta soke na shugaban ƙasa aka sake shi a watan Oktoba.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga kasafin kowa. Ranar zaɓe 'yan sanda suna hana zirga-zirgar ababen hawa tun tsakar dare har yamma. Ɗan acaɓa ya yi asarar yini, direban da ke jigila tsakanin Funtuwa da Gusau ta Sheme da 'Yankara ya ajiye mota, kasuwar da take ci ranar Asabar ta tashi. Lokacin kuma na noman rani ne, tumatir ba ya jiran a gama ƙirga. Ga ɗan cin rani da ya yi rajista a gida amma yana neman abinci a Legas ko Abuja: da wuya ya iya zuwa sau biyu, ko ya zauna mako biyu yana cin guzuri. A 2019 an ɗage zaɓen 16 ga Fabrairu cikin dare, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, bayan mutane da yawa sun riga sun yi tafiyar. Irin waɗannan su ne suka fi kowa hujjar neman a gama komai a yini guda.

Guguwa da bin mai nasara

Hanyoyi biyu ne zaɓen sama yake jan na ƙasa, kuma mutane sukan cakuɗa su. Ta farko ita ce guguwa: ɗan takarar shugaban ƙasa yana da farin jini, sai a ce a yi sak, mutum ya dangwala wa jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa ba tare da ya san sunan wanda zai wakilce shi ba. Ta biyu ita ce bin mai nasara: an riga an faɗi wanda ya ci shugaban ƙasa, sai masu neman kwangila da muƙami, da talakan da ba ya son jiharsa ta zama ta adawa, su karkata can kafin zaɓen gwamna. Haɗe zaɓe yana kashe ta biyu, domin ba wanda ya san sakamako lokacin da yake dangwalawa. Amma yana ƙara wa ta farko ƙarfi.

Tarihinmu ya gwada kusan kowane salo. A 1979 hukumar FEDECO ta baza zaɓe a Asabar biyar, ta fara da na sanatoci ranar 7 ga Yuli, ta rufe da na shugaban ƙasa ranar 11 ga Agusta. Lokacin ƙasar Katsina tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, sai 1987 aka raba. Jama'a suka ba jam'iyyar NPN rinjaye mai yawa a majalisar jiha, bayan mako ɗaya kuma suka zaɓi Alhaji Balarabe Musa na PRP gwamna, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita. Wannan ya nuna mai zaɓe yana iya bambancewa idan an ba shi sarari. Sai dai abin da ya biyo baya ba daɗi: majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinoninsa, har ta tsige shi a watan Yunin 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Wake da shinkafa, wato zaɓen jam'iyyu daban-daban a kujeru daban-daban, shi ma yana da nasa farashin.

A 1983 aka juya tsarin. Zaɓen shugaban ƙasa ya zo farko, ranar 6 ga Agusta, Shehu Shagari ya koma, sannan NPN ta kwashe jihohin da ba nata ba a zaɓen gwamnoni, cikin zarge-zargen maguɗi masu yawa. Ba a rufe shekarar ba sojoji suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba. Tun daga nan 'yan siyasa suka gane cewa jerin ranakun zaɓe makami ne. Shi ya sa a 2018 Majalisar Tarayya ta yi yunƙurin mayar da zaɓen shugaban ƙasa ƙarshe, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu. Kowane ɓangare ya kawo hujjar tsarin mulki, amma kowa ya san lissafin da ake yi.

Gwajin da ya fi kusa da abin da ake nema yanzu shi ne na 2003, lokacin da aka yi zaɓen shugaban ƙasa da na gwamnoni rana ɗaya, 19 ga Afrilu. A Kano guguwar Buhari, wanda lokacin yake takarar shugaban ƙasa a ANPP, ta taimaka wa Malam Ibrahim Shekarau na jam'iyyar ya kayar da gwamna mai ci, Rabi'u Musa Kwankwaso. A Katsina, mahaifar Buharin, sakamakon da aka bayyana ya ba shi jihar, amma Umaru Musa 'Yar'aduwa na PDP ya koma kujerar gwamna. Rana ɗaya, guguwa ɗaya, jihohi maƙwabta, sakamako daban. Zaɓen na 2003 ya sha suka ƙwarai daga masu sa ido, don haka kada a ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. Abin da za a iya ɗauka shi ne guguwa ba ta yin aiki ita kaɗai. Ƙarfin gwamna mai ci, da haɗin kan jam'iyya, da wanda ke riƙe da ƙananan hukumomi, duk suna shiga ciki. A 2011 ma, da aka raba ranakun, Buhari ya ci Katsina a CPC ranar 16 ga Afrilu, bayan kwana goma Ibrahim Shehu Shema na PDP ya kayar da Aminu Bello Masari na CPC a zaɓen gwamna.

Yanzu ku dubi alƙaluman 2023 da kyau, domin sun shafe mu kai tsaye. Ranar 25 ga Fabrairu, Atiku Abubakar na PDP ya samu ƙuri'a 489,045 a Jihar Katsina, Bola Tinubu na APC ya samu 482,283. Tazarar 6,762 ce kacal. Ranar 18 ga Maris, Dikko Umaru Raɗɗa na APC ya samu 859,892, Sanata Yakubu Lado Ɗanmarke na PDP, ɗan ƙaramar hukumar Ƙanƙara wanda ya taɓa wakiltar wannan mazaɓa a Majalisar Wakilai, ya samu 486,620. Ƙuri'un PDP kusan ba su motsa ba. Na APC ne suka ƙaru da sama da 377,000 cikin mako uku.

Me ya faru a tsakani? An bayyana Tinubu a matsayin wanda ya ci ranar 1 ga Maris. Ranar 3 ga Maris kotun ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun naira, bayan makonnin da mutane suka yi suna kwana a layin banki saboda canjin kuɗi, abin da ya fusata jama'a da jam'iyya mai mulki gab da zaɓen farko. Wasu da suka zaɓi Kwankwaso a zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu sun sake lissafi a Maris. Jam'iyya mai mulkin jiha ta ga abin da ya same ta, ta tashi tsaye gida-gida. Akwai kuma waɗanda zaɓen gwamna ne ya dame su tun asali, domin gwamna ne mai taki da albashin malamai da hanyar ƙauye, shugaban ƙasa kuwa sai a rediyo. Mai goyon bayan haɗe zaɓe zai ce ga bin mai nasara ƙiri-ƙiri. Mai adawa zai ce ga shaida cewa mutane sun auna gwamna daban da shugaban ƙasa, kuma da an haɗe da fushin canjin kuɗi ya yanke hukunci a kan kujerar da ba ruwanta da Babban Banki. Alƙaluman ba su isa su raba wannan gardama ba. Abin da suka tabbatar shi ne ranar da aka sa zaɓe tana iya canza wanda zai mulki jiha shekara huɗu.

A ganina tsarin da muke kai yanzu ya ɗebo aibin ɓangarorin biyu. Ana biyan kuɗin rana biyu, amma mako biyu bai isa a ce an ba al'amuran jiha filinsu ba. Kamfe ɗin gwamna yana tafiya ne a inuwar na shugaban ƙasa wata da watanni, sannan a ƙarasa shi cikin hayaniyar sakamako. Ba a cika jin ana tambayar ɗan takarar majalisar jiha abin da zai yi kan asibitin garinsu ba.

Kada kuma a ɗauka raba zaɓe shi kaɗai yana kawo zaɓi. Zaɓen ƙananan hukumomi a ware yake, hukumar zaɓe ta jiha ce take shirya shi, kuma a Katsina, kamar a yawancin jihohi, jam'iyyar gwamna ce take lashe kujerun shugabanni gaba ɗaya. Jihohi takwas, irin su Kogi da Anambra da Osun, suna zaɓen gwamna a lokaci na daban saboda hukuncin kotuna, kuma can ɗin ma kukan sayen ƙuri'a bai ragu ba. Wasu ma cewa suke ya fi yawa, tunda manyan jam'iyyu suna tattaro kuɗinsu da gwamnoninsu su tare a jiha ɗaya.

Dare

Akwai abin da mai zama a Abuja ba zai sa a lissafi ba, amma mutumin Sabuwa zai fara da shi. Ƙananan hukumomin nan uku suna bakin dajin da ya haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari. A Ƙanƙara ne aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ranar 11 ga Disamba 2020, aka sako 344 bayan kwana shida. A 2021 sai da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan uku. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suna zaune a hedikwatar ƙaramar hukuma ko a Funtuwa.

A irin wannan wuri, kowace ranar zaɓe kasada ce: a ɗauki matasa masu hidimar ƙasa da akwatuna a bi da su hanyar da direbobi suke gudu, a tara jama'a a fili ɗaya tun safe. Yin haka sau ɗaya ya fi sau biyu, wannan hujja ce mai ƙarfi. Amma ku bi yinin daki-daki. Ana buɗe rumfa ƙarfe takwas da rabi, idan kaya sun iso da wuri, abin da ba kullum yake faruwa ba. Ana rufe layi biyu da rabi, duk wanda ke kan layi sai ya yi. Kowane mutum sai na'ura ta duba yatsansa ko fuskarsa. Da takardu biyar a hannu, tsohuwar da ba ta karatu za ta daɗe tana neman alamar jam'iyyarta sau biyar, ta kuma nemi akwatin da ya dace da kowace takarda. Layi zai ja. Bayan nan a zazzage akwati biyar ɗaya bayan ɗaya, a ware, a ƙirga da ƙarfi a gaban wakilan jam'iyyu, a cike takardar sakamako biyar, a ɗauki hoton kowace a tura, in akwai sabis. Ko da akwati uku, rumfuna da yawa sai da fitilar waya suke gamawa. Daga nan kuma a ɗauki sakamako zuwa cibiyar mazaɓa, daga can zuwa ƙaramar hukuma.

Dokar tsare ƙuri'a da jama'a suka sani ita ce a kasa, a tsare, a raka. Wa zai tsaya tsarewa har ƙarfe goma sha ɗayan dare a ƙauyen da ake shiga ɗaki da magariba? Wa zai raka akwati a kan babur cikin duhu? Idan masu zaɓe da wakilan ƙananan jam'iyyu suka watse don tsira da rai, sakamakon ya rage a hannun wanda ke da mota da rakiyar jami'an tsaro. Nan ne kuɗin da aka rage zai iya komawa asarar da ta fi shi.

Gajiya ma ba abin wasa ba ce. Indunusiya ta haɗe zaɓuka biyar ranar 17 ga Afrilu 2019, ma'aikatan rumfa suka kwana suna ƙirga da hannu, daga baya hukumar zaɓen ƙasar ta ce 894 daga cikinsu sun rasu, dubbai sun kwanta rashin lafiya. A 2025 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa daga 2029 a raba zaɓen ƙasa da na yankuna da tazarar aƙalla shekara biyu. Indiya kuwa, wadda ta yi zaɓukanta a haɗe daga farkon shekarun 1950 zuwa 1967, yanzu gwamnatinta neman komawa haɗewar take yi, jam'iyyun jihohi suna turjiya don tsoron kada babbar jam'iyya ta shanye su. Afirka ta Kudu tana yin na ƙasa da na larduna rana ɗaya tun 1994 ba tare da wata matsala babba ba, sai dai su jam'iyya suka fi zaɓa, takardunsu ba su kai namu yawa ba.

Sannan rana ɗaya a takarda ba lallai ta zama rana ɗaya a ƙasa ba. Kujerar Majalisar Wakilai ta Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa an kaɗa mata ƙuri'a a Fabrairun 2023, amma sai da aka je kotu, aka ba da umarnin sake zaɓe a wasu rumfuna, aka sake a Fabrairun 2024, Shehu Dalhatu Tafoki na APC ya samu kujerar. Shekara guda ke nan ana jan magana ɗaya. Idan rikici ko hari ya sa aka soke rumfa a ranar da aka haɗe komai, kujeru biyar ne za su rataya a kanta lokaci guda.

Saboda haka kafin mutumin wannan yanki ya ce e ko a'a, akwai abubuwan da ya kamata ya ji an amsa. Za a ƙara ma'aikata da na'urori a rumfa domin a gama da rana? Za a rage cunkoson rumfunan da 'yan gudun hijira suka taru? A ina za a ƙirga ƙuri'ar ƙauyen da ba a kwana a cikinsa? Tsarin mulki ya ce a yi zaɓe tsakanin kwana 150 zuwa kwana 30 kafin wa'adi ya ƙare, kuma wa'adin shugaban ƙasa da na yawancin gwamnoni rana ɗaya yake ƙarewa, 29 ga Mayu. Haɗewa ba ta saɓa wa wannan ba. Raba su da shekara biyu irin na Indunusiya kuwa sai an gyara tsarin mulki, an kuma taɓa wa'adin wasu gwamnoni sau ɗaya, abin da ba gwamnan da zai karɓa da daɗin rai.

Aikin aji

1. Ku lissafa abin da gidanku ya yi asara a ranakun zaɓe biyu na 2023: ciniki, kuɗin mota, aikin gona. Ku kwatanta da na maƙwabcinku a aji.

2. Daga alƙaluman Fabrairu da Maris 2023, ku fitar da yawan ƙuri'un da PDP ta rasa da waɗanda APC ta ƙara. Wane dalili ne ya fi gamsar da ku, bisa abin da kuka gani a mazaɓarku?

3. Ƙarfe nawa aka gama ƙirga a rumfarku ranar zaɓen shugaban ƙasa? Mutum nawa suka rage a wurin lokacin da aka rubuta sakamako?

4. Ku rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya ya kare haɗe zaɓe a madadin ɗan cin rani, ɗayan ya kare rabawa a madadin ma'aikaciyar rumfa da aka tura ƙauye. Malami ya rubuta hujjojin kowa a allo.